Magana a Kan Farashin Gidajen Ingila da Ake Shela Kowane Wata

 

Ku sani mutanen Ingila suna da wata al'ada wadda ta isa a tsaya a duba ta. Da wata ya mutu sabo ya kama, sai a yi shela a jaridunsu da rediyonsu cewa farashin gida ya hau da kaza, ko ya sauka da kaza. In ya hau, sai ka ji an ce kasuwa ta yi lafiya. In ya sauka, sai a ce kasuwa ta kwanta ciwo, a shiga neman magani. To, wannan shi ne abin da ya ɗaure mana kai. Mu dai a saninmu, ran da mudun gero ya hau, ba mai cewa Alhamdu lillahi sai wanda ya kimshe shi a rumbu yana jiran bazara. Gida kuwa, bayan ci da sha da sutura, ba abin da ɗan Adam ya fi bukata kamarsa. Ta yaya tsadar abinci ta zama masifa, tsadar makwanci kuwa ta zama albishir?

Kafin mu yi hukunci, ya kamata mu san masu awon da irin mudunsu. Manyansu biyu ne, Nationwide da Halifax, dukansu kuwa masu ba da rancen sayen gida ne. Asalin irin waɗannan jam'iyyu abin sha'awa ne, don kuwa adashi ne tsantsa. A shekarar 1775, a birnin Bamingam, wasu mutane suka haɗu suna zuba kuɗi wata wata, in abin da aka tara ya isa gina gida sai a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya samu, a ci gaba da zubi har kowa ya shiga nasa. Daga irin wannan tushe Halifax ta tsiro a 1853, daga baya ta rikiɗa ta zama banki a 1997. Lissafin Halifax na wata wata ya faro daga 1983. Na Nationwide ya fi shi tsufa, tun 1952, lokacin da matsakaicin gida yake fam 1,891, amma sai a 1991 ya koma na kowane wata. Kowace daga cikinsu tana ƙidaya gidajen da ita kanta ta yarda ta ba da rance a kansu a wannan wata, a duk faɗin Birtaniya. Wanda ya zaro kuɗinsa ya saya hannu da hannu ba ya shiga ciki, alhali kuwa irinsu sun kusa ɗaya cikin uku na masu saye.

Akwai kuma Rightmove, wadda dillalai ke tallan gidaje a cikinta ta intanet. Nata lissafin na kuɗin da mai gida ya yi wa gidansa suna ne, kafin a taya, kowa kuwa ya san tsakanin suna da sallamawa akwai tafiya. Na huɗu shi ne na gwamnati, wanda ake ɗebowa daga ofisoshin rajistar filaye. Shi ya fi cika, don ya haɗa da masu rance da masu tsabar kuɗi, sai dai ba ya fitowa sai bayan wajen mako shida, kuma cinikin da ke cikinsa watanni kafin nan aka ƙulla shi. Ihu bayan hari ke nan.

Mudu huɗu, kowanne da bakinsa. An sha ganin wata guda Nationwide ta ce an hau, Halifax ta ce an sauka, kowace jarida ta ɗauki wanda ya yi mata daɗi. Har wa yau adadin da suke faɗa ba ɗanye ba ne, sai an gyara shi. Sun lura ciniki yakan yi zafi bayan sanyi ya wuce, ya yi sanyi a ƙarshen shekara, kamar yadda hatsi ke araha da kaka ya yi tsada da bazara, saboda haka sukan cire rabon lokaci daga ciki. Kuma gidajen da aka sayar a wannan wata ba su ne na watan jiya ba, wani watan manya sun fi yawa, wani watan ƙanana, don haka sai su ƙaga gida guda na misali su kimanta shi. Ba mu ce wannan ha'inci ne ba, aikin masana lissafi ne, kuma da hujjarsa. Amma almajiri ya riƙe cewa gidan da ake shelar kuɗinsa ba mai iya nuna maka ƙofarsa. A 2023 matsakaicin gida a Landan ya haura fam 500,000, a arewa maso gabashin Ingila kuwa bai kai 200,000 ba. Ka haɗa raƙumi da akuya ka raba biyu, ka ce ga kuɗin dabba a kasuwa.

In an ce farashi ya hau da sulusin kashi ɗaya cikin ɗari a wata, a gidan fam 270,000 wannan fam 900 ne. Wata mai zuwa a dawo a ce an yi gyara, ashe bai kai haka ba. A kan irin wannan ake cika shafi.

In ka ce, ashe lissafin banza ne? Sai mu ce a'a. Wata guda ba ya faɗar kome, amma in ka jera watanni ɗari uku ka bi su da ido, za su ba ka labari, labarin kuwa ba mai daɗi ba ne. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: albashin shekara nawa mutum zai tara, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi gida? Ofishin ƙididdiga na gwamnatinsu yana fito da wannan kowace shekara. A 1997, a Ingila, matsakaicin gida ya yi daidai da matsakaicin albashin shekara uku da rabi. A 2021 ya kai na shekara tara. A Landan ya wuce goma sha biyu. Bulon nan dai shi ne, rufin nan shi ne, ɗakin bai ƙara faɗi ko da taƙi ɗaya ba. Abin da ya ƙaru shi ne shekarun da saurayi zai ba da daga rayuwarsa.

Ga kuma shaidar abin a jikin mutane. A 2003, cikin magidanta 'yan shekara 25 zuwa 34 a Ingila, wajen 59 cikin ɗari suna zaune a gidan kansu. Bayan shekara goma sun koma wajen 36. Sauran suna haya, ko suna ɗakin da aka haife su, da gemunsu. Duk watan da aka yi shelar cewa kasuwa ta yi lafiya a cikin waɗannan shekaru, wani ne aka rufe wa ƙofa.

Yanzu sai mu zo ga dalili, don malami ba ya tsayawa ga ganin hayaƙi. Kusan duk saurayin da zai sayi gida can, ba da kuɗinsa yake saye ba. Yakan kawo ɗan abin da ya tara, banki ya cika sauran, a riƙe gidan jingina, ya yi ta biya wata wata har shekara 25 ko fiye, da ruwa a kai. Saboda haka in ya je taya gida, ba ya tambayar kansa nawa gidan ya cancanta. Tambayarsa ita ce nawa zan iya biya a wata, kuma nawa banki zai ba ni a kan haka. Ku ɗauki allo ku buga. Wanda ya ranci fam 200,000 na shekara 25, in ruwan 2 cikin ɗari ne a shekara, zai riƙa biyan wajen fam 848 a wata. In ruwan 6 ne, wajen fam 1,289, kuma kafin ya gama ya biya ruwa kaɗai fiye da fam 186,000, watau ya kusa sayen gidan sau biyu. To, ran da ruwa ya yi sauƙi, kowane mai taya yana iya ɗauko rance mafi girma da biyan wata iri ɗaya. Gidajen ba su ƙaru ba, masu taya kuwa kowa aljihunsa ya kumbura da kuɗin aro. Ba sai an gaya wa dillali abin da zai yi ba.

Haka kuwa aka yi. Bankin Ingila, wanda shi ke yanka ruwan da sauran bankuna ke bi, ya saukar da shi zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari a watan Maris 2009, ya bar shi ƙasa ƙasa fiye da shekara goma, har ya kai shi ushirin kashi ɗaya a Maris 2020 da annobar korona ta shigo. Sauƙin da aka ce an yi wa mai saye, mai sayarwa ya kwashe shi a cikin farashi.

Hukuncin riba malamai sun fi mu saninsa, ba shi muka zo karantarwa ba. Abin lura a nan ɗaya ne. Musulmin Ingila da ke gudunta suna da hanya, tun da aka gyara dokar haraji a 2003 aka kuma buɗe bankin Musulunci a can a 2004: banki ya sayi gidan tare da kai, kana biyan hayar rabonsa kana fansarsa kaɗan kaɗan. Amma kasuwar ɗaya ce. Wanda ya tsare hannunsa daga ruwa, farashin da ruwa ya kumbura shi zai biya, ba a rage masa ko kwabo.

Dalili na biyu ƙarancin gini. Tun dokar 1947 ba mai aza bulo a Ingila sai da iznin hukumar gari, an kuma kewaye Landan da wasu birane da filin da aka hana gini a cikinsa. Wannan bai hana su gini ba da farko, don a 1968 an gama gidaje fiye da 400,000 a Birtaniya, kusan rabi hukumomin gari ne suka gina don talakawa su yi haya da araha. Sai a 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna waɗannan gidaje ikon sayensu da rangwame. A Ingila kaɗai an sayar da kusan miliyan biyu. Waɗanda suka saya sun ji daɗi, ba ma ƙyashinsu. Laifin shi ne ba a mayar da gurbin abin da aka sayar ba, hukumomin gari suka kusa daina gini ɗungum. An cinye iri, an zauna jiran damina. Gwamnatoci sun yi ta alkawarin gida 300,000 a shekara ba su cika ba, wadda ta hau a 2024 kuma ta yi alkawarin miliyan ɗaya da rabi cikin shekara biyar.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne irin maganin da mahukunta ke kawowa in kuka ya yi yawa. A 2013 suka fito da wani shiri wanda gwamnati ke ranta wa mai sayen sabon gida har kashi 20 cikin ɗari na kuɗinsa, daga baya a Landan har 40, aka yi ta yi har 2023. Mutane suna kukan tsada, sai aka ƙara musu bashin da za su taya da shi. Na watan Yuli 2020 ya fi wannan bayyana. Ma'ajin ƙasar na lokacin, Rishi Sunak, ya ɗage harajin cinikin gida a kan fam 500,000 na farko, har zuwa ƙarshen Yuni 2021. Mutane suka yi ca, kowa yana so ya gama kafin wa'adi. A lissafin Nationwide, matsakaicin gida ya tashi daga wajen fam 216,000 a Yuni 2020 zuwa wajen 245,000 a Yuni 2021, hawan fiye da kashi 13 cikin ɗari. Harajin da aka yafe a kan gida irin wannan bai kai fam 2,500 ba. Wanda kuwa bai taɓa mallakar gida ba, dama tun 2017 ba ya biyan wannan haraji a kan gidan da bai wuce fam 300,000 ba, saboda haka shi bai sami kome ba sai ƙarin fam 29,000 a kan abin da yake nema. Don adalci, ba ɗage harajin kaɗai ya jawo hawan ba, akwai arahar ruwa, akwai kuɗin da mutane suka tara suna kulle a gida, akwai masu gudun ƙuncin birni. Amma wanda ya ga wuta na ci ya kawo kara, ba ya cewa ba shi ya kunna ba.

In ka ce, to, ashe faɗuwar farashi kuke roƙo? Sai mu ce wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Faɗuwa ta taɓa zuwa, ba ta zo da alheri ba. A Oktoba 1989 ruwa ya kai 15 cikin ɗari, farashi ya karye da wajen ɗaya cikin biyar, bai koma inda yake ba sai wajen 1998. A 1991 kaɗai masu ba da rance suka ƙwace gidaje wajen 75,000. Mutane da yawa suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan, ba su iya sayarwa, ba su iya tashi. A Satumba 2007 aka ga jama'a sun yi layi a ƙofar bankin Northern Rock kowa yana neman ajiyarsa, daga Oktoban wannan shekara zuwa Fabrairu 2009 matsakaicin gida ya faɗo daga wajen fam 186,000 zuwa wajen 148,000. Shin samari suka shiga gidaje a lokacin? Ina! Bankuna suka tsuke bakin jaka, ayyuka suka mutu, mai tsabar kuɗi ya tsinci dami a kala. Wanda faɗuwa ta fi dannewa kullum shi ne wanda ya saya jiya da bashi mai nauyi, watau dai saurayin nan da muke tausayi.

Na baya-bayan nan ma haka. Farashi ya kai ƙololuwa a Agusta 2022, wajen fam 274,000 a lissafin Nationwide. Ran 23 ga Satumba gwamnatin Liz Truss ta karanta kasafin da ya firgita masu kuɗi, cikin 'yan makonni ruwan rancen gida ya haura 6 cikin ɗari, ita kanta ba ta cika kwana 50 a kan kujera ba. Bankin Ingila ya yi ta ƙara nasa ruwan har ya kai 5 da rubu'i a Agusta 2023. A wannan wata aka yi shelar farashin gida ya sauka da wajen kashi 5 cikin ɗari a shekara. Mai neman gida ya duba, an rage masa kashi biyar a farashi, an ƙara masa nauyi mai yawa a biyan wata. An sayar da kare an sayi biri.

Abin da muke gani daidai shi ne farashi ya tsaya wuri ɗaya shekaru masu yawa, albashi ya yi ta tafiya har ya cim masa, a kuma yi gini na gaske, musamman na haya mai araha irin wanda hukumomin gari suka saba yi. Wannan ba ya rusa wanda ya saya jiya, yana kuma buɗe wa na gobe. Amma ku lura, a harshen shelar wata wata, shekara goma na tsayuwar farashi sunansa mutuwar kasuwa. Sau 120 za a buga cewa abu ya lalace. Wane mai mulki ne zai jure wannan, alhali kusan biyu cikin uku na magidantan Ingila masu gidan kansu ne, kuma su suka fi fita jefa ƙuri'a? Nan ne shelar take ɓarna. Ta koya wa mutum ya riƙa duban ɗakin kwanansa kamar hajar da ya kasa, ta koya wa gwamnati tsoron ranar da adadin zai sauka.

Mai gidan ma da ake yi wa albishir, ribar tasa ta takarda ce. In ya sayar, ina zai kwana? Sai ya sayi wani, wanda shi ma ya hau. In iyali sun yi yawa yana neman mafi girma, hawan cutarsa yake yi: gidansa na fam 200,000 da wanda yake so na 300,000, in kowanne ya ƙaru da ushiri, tazarar ta tashi daga 100,000 ta koma 110,000. Masu cin riba ta haƙiƙa su ne mai gida fiye da ɗaya, da mai ba da rance, da dillali, da magada. Kuɗin kuwa daga aljihun na baya yake fitowa, sau da yawa ɗan cikinsa. Shi ya sa yanzu uba kan ciri wani abu daga dukiyarsa ya ba ɗa don ya sami abin ajiyewa a gaban banki. Ɗan mai gida ya sami gida, ɗan mai haya ya gaji haya, ko da kuwa tare suka yi karatu, albashinsu ɗaya.

Ba mu ce a daina awo ba, ciniki ba ya yiwuwa sai da mudu. Muna cewa duk jaridar da za ta buga farashin wata, ta jera masa abokansa a layi ɗaya, da baƙi mai girma ɗaya. Na farko, albashin shekara nawa ke sayen gida. Na biyu, kuɗin haya, wanda a shekarar da ta ƙare a Maris 2024 ya hau da wajen kashi 9 cikin ɗari, ba kuwa wanda ya kira wannan lafiya. Na uku, yawan iyalan da ba su da muhalli, waɗanda hukumomin gari suka ajiye a masaukin wucin gadi, wani lokaci uwa da 'ya'yanta a ɗaki guda na otal. A 2023 sun haura iyali 100,000 a Ingila, a 2024 yaran da ke cikinsu sun wuce 150,000. Wannan adadi sau huɗu kawai ake fito da shi a shekara, shi ma sai bayan watanni.